Kifi na ganinka mai jar koma: tarihin damfara daga wasiƙar 419 zuwa zamanin AI

 Yau ba saitin waya za mu yi ba, tarihi za mu ɗan taɓa. Rubutun yana da tsawo, amma ku daure ku kai ƙarshe, domin a can ne zan nuna yadda ake amfani da manhajojin AI irin su ChatGPT, Gemini da Meta AI wajen gane saƙon damfara, da kuma wuraren da bai kamata a sakar musu jiki ba.

Ga abin da ya sa na zauna na rubuta wannan. Bayan girbin shinkafar rani, wani dattijo daga wani ƙauye kusa da Argungu ya zo shagona a nan Birnin Kebbi. Ya ajiye waya a kan tebur ya ce, "Ɗana, duba min wagga waya, ta lalace, kuɗɗi take sha."

Na duba, waya lafiyarta ƙalau. Da na shiga saƙonni sai na ga abin da ya faru. An turo masa saƙo da daddare cewa za a rufe BVN ɗinsa cikin awa 24. Bayan minti kaɗan wani ya kira shi, ya yi sallama, ya ambaci cikakken sunansa, ya yi masa Hausa mai kyau, ya ce daga banki yake kuma taimaka masa zai yi. Ya karɓi lambobin jikin katin ATM, sannan ya ce ya karanto masa lambar da za ta shigo yanzu. Naira 412,000, kuɗin shinkafarsa, an kwashe su a cira huɗu.

Na ce, "Baba, wayarka ba ta da laifi, damfararka aka yi." Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce, "Da na samu wanda zan tambaya a daren nan, da ba su ci ni ba. Yaron da ke duba min yana makaranta Aliero."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Da na bi tarihin abin, sai na ga kusan duk wanda aka taɓa damfara, daga manomi har shugaban banki, a wuri ɗaya aka kama shi: an hana shi lokacin da zai tambayi wani.

SUNAN ABIN DAGA KAMUN KIFI YA FITO

Turawa suna kiran irin wannan damfara da suna fishin, wato kamun kifi, sai dai da "ph" suke fara rubuta kalmar maimakon "f". Sunan ya fito ne wajen 1995 zuwa 1996 a Amurka, lokacin da wasu matasa ke aika wa masu amfani da kamfanin intanet na AOL saƙo, suna cewa su ma'aikatan kamfanin ne, a turo musu lambar sirri don a gyara asusu. Ku lura, kusan maganar da aka gaya wa dattijon nan ke nan, shekara talatin bayan haka.

Mu Kabawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan kamun kifi ba. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ake bikin kamun kifi a Matan Fada, har UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya a 2016. A wurin biki da homa da gora ake faɗawa ruwa, a gaban idon kowa. Amma mai fatsa daban yake. Shi yana zaune shiru a bakin gulbi, ya soka tana a ƙugiya, ya jefa, ya jira. Kifi tana yake gani, ba ya ganin ƙarfen da ke ciki. Shi ya sa ni fatsar intanet nake kiran wannan abu.

Akwai kuma mai jan taru, wanda ke aika saƙo ɗaya ga mutum dubu ɗari, duk wanda ya faɗa shi ke nan. Akwai mai mashi, wanda ya zaɓi giwan ruwa guda, ya san sunanka, ya san bankinka, ya san ka sayar da shinkafa makon nan. Dukansu za mu gamu da su a cikin wannan tarihi.

ZAMANIN WASIƘA

Damfara ta girmi waya nesa ba kusa ba. Iyayenmu sun san masu ninka kuɗi da masu wala-wala a kasuwannin ƙauye. A Turai ma, tun ƙarni na 19 ake yawo da wata wasiƙa da ake kira ta fursunan Sifaniya: wai wani mai dukiya yana tsare a kurkuku, ka aiko da ɗan kuɗi a fito da shi, shi kuma zai raba dukiyarsa da kai.

A Najeriya abin ya yi ƙarfi ne a shekarun 1980, bayan farashin man fetur ya faɗi, aka shigo da tsarin SAP a 1986, Naira ta karye, masu ilimi suka rasa aiki. Sai wasu suka fara rubuta wa 'yan kasuwar ƙasashen waje wasiƙu a kan takarda mai tambarin NNPC ko Babban Banki, wai akwai rarar kuɗin kwangila miliyoyin daloli da ake son fitarwa, ana neman asusun da za a zuba, za a ba ka kaso mai tsoka, amma sai ka fara biyan kuɗin takardu. Ka biya na takardu, a ce saura na lauya. Ka biya na lauya, a ce saura na wani babban jami'i. Sunan 419 ya fito ne daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta 1991, wannan wasiƙa ce ke tashe, ta akwatin gidan waya da na'urar faks. Talakan Kebbi ba ya cikin lissafinsu a lokacin, don ba shi da dala, ba shi da layin waya.

Mafi girman abin da aka yi a wannan zamani shi ne na Emmanuel Nwude. Tsakanin 1995 da 1998 ya yi shigar gwamnan Babban Banki na lokacin, Paul Ogwuma, ya shawo kan Nelson Sakaguchi, babban jami'i a bankin Noroeste na ƙasar Barazil, cewa akwai kwangilar gina filin jirgin sama a Abuja. Dala miliyan 242 suka fita. Filin jirgi kuwa babu shi. Asiri bai tonu ba sai da bankin Santander na Sifaniya ya zo sayen bankin, aka zauna duba littattafan kuɗi. Wato shekara uku mutum ɗaya yana tura kuɗi a ɓoye, ranar da ido na biyu ya kalli lissafin, ranar abin ya watse. EFCC da aka kafa a 2003 ƙarƙashin Nuhu Ribadu ita ta kai Nwude kotu, aka yanke masa hukunci a 2005.

ZUWAN GSM DA SHAGON INTANET

A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan, layukan NITEL a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. Da farko layi kansa wajen Naira 20,000 ne, kira kuma Naira 50 minti ɗaya, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara sauka. A daidai lokacin ne shagunan intanet suka bazu a birane, ana biyan kuɗin awa, wasu har kwana suke yi. Wasiƙar da a da sai an sayi kan sarki, yanzu da imel ɗin Yahoo za a aika wa mutum dubu kyauta. Daga nan sunan 'yan Yahoo ya samo asali.

Imel ɗin wancan lokaci cike yake da kurakuran Turanci da labarin da hankali ba zai ɗauka ba: matar wani tsohon shugaban ƙasa, ko ɗan sarkin da ya gaji akwatin zinari. A 2012 wani mai bincike a kamfanin Microsoft, Cormac Herley, ya yi bayanin cewa wannan shirmen yana yi wa ɗan damfara amfani. Mai wayo zai gani ya yi dariya ya goge, wanda ya amsa kuwa shi ne mai saurin yarda, don haka ba a ɓata lokaci a kan wanda ba zai biya ba. Amma mu abin da muka koya daga wancan zamani shi ne, in ka ga saƙo da gurɓataccen Turanci, na damfara ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

LOKACIN DA ABIN YA JUYO GIDA

Da waya ta shiga hannun kowa, sai 'yan damfara suka ga ba sai sun je Barazil ba. Na farko da yawancinmu muka sani shi ne saƙon "ka ci kyautar miliyan ɗaya", ka turo katin waya na dubu biyu a buɗe maka fayil. Sai kuma wanda aka ɗinka daidai jikinmu: kiran tsakar dare da wata irin murya, wai sarkin aljanu ne, an zaɓe ka za a ba ka dukiya, ka aiko da kuɗin turare da rago, kuma in ka faɗa wa wani za ka haukace ko ɗanka ya mutu. 'Yan sanda sun sha kama irin waɗannan a jihohin Arewa, kuma duk mutane ne kamar ni da kai. Ku dubi sharaɗin da kyau: kada ka faɗa wa kowa. A kansa duk sana'ar ta tsaya.

A ranar 14 ga Fabrairu 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da BVN, lamba 11 da ta haɗa duk asusun mutum. Aka sa wa'adi, aka ƙara shi zuwa 31 ga Oktoba 2015, kuma da gaske wanda bai yi ba an hana shi taɓa kuɗinsa. To a nan 'yan damfara suka samu tana mai rai. Tunda mutane sun ga an taɓa rufe asusu saboda BVN, duk saƙon da ya ce za a rufe naka sai gaba ya faɗi.

Mako biyu da 'yan kwanaki bayan wannan wa'adi, ranar 17 ga Nuwamba 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Kebbi ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers. Manoman shinkafa da yawa a fadamun Argungu, Augie, Suru da Birnin Kebbi a lokacin suka fara buɗe asusu da yin BVN. Mutumin da duk rayuwarsa a hannu yake karɓar kuɗin amfanin gona, yau ga shi da kati da lambar sirri da alat na Turanci da ba ya iya karantawa. An ba shi asusu, amma ba a zaunar da shi an gaya masa abin da ma'aikacin banki ba zai taɓa tambayarsa ba.

Sai MMM ta Sergei Mavrodi, ɗan ƙasar Rasha, mai alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata. A Disambar 2016 ta daskarar da asusun mutane. Hukumar NDIC ta ce 'yan Najeriya kusan miliyan uku sun yi asarar wajen Naira biliyan 18. Ita MMM ba baƙo ne ke kawo maka ita ba, abokinka ne ko ɗan uwanka da aka fara biya. Shi ya sa ta ci mutane: wanda za ka tambaya shawara shi ma yana ciki.

Kada kuma wani ya ɗauka marasa boko kawai ake kamawa. A Afrilun 2018 babban jami'in kuɗi na kamfanin Unatrac, masu sayar da injinan Caterpillar, ya samu imel mai ɗauke da link. Ya taɓa, shafi ya buɗe sak irin na shiga Microsoft Office, ya rubuta lambar sirrinsa. Shafin na bogi ne. Da asusunsa aka riƙa ba ma'aikata umarnin biyan kuɗi, har wajen dala miliyan 11 suka tafi. Obinwanne Okeke, wanda aka fi sani da Invictus Obi, wanda mujallar Forbes ta Afirka ta taɓa sakawa cikin matasan 'yan kasuwa masu tasowa, shi aka kama a Amurka a 2019, aka ɗaure shi shekara 10 a 2021. Wannan shi ne aikin mai mashi.

Daga 2020 abin ya dawo cikin WhatsApp. Lokacin kullen korona link na tallafin gwamnati ya cika guruf-guruf: cika sunanka, saka lambar asusu, tura wa mutum goma sha biyar. A Disambar 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kira, sai ga saƙonnin "taɓa nan ka buɗe layinka". Aka shigo da satar WhatsApp: a kira ka a ce an saka ka cikin taron ƙungiya ta intanet, ka karanto lamba shida da aka turo maka. Kana karantawa an ɗauke asusunka, an fara roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. A farkon 2023 kuma, lokacin ƙarancin takardun Naira, kowa ya koma tiransifa da POS, mai shayi da mai kifi duk suka buɗe asusu, sai alat na bogi ya yi yawa.

In kun lura, ba su cika ƙirƙiro labari daga sama ba. Duk abin da gwamnati ko banki suka sanar da gaske, shi suke ɗauka su soka a ƙugiya.

SHIGOWAR AI

Ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT. Google ya biyo baya da Bard a 2023, wanda ya koma Gemini a 2024. A Afrilun 2024 Meta AI ya bayyana a cikin WhatsApp a Najeriya, wannan zoben mai launin shuɗi da kuke gani. Su ne ake kira ƙirƙirarriyar basira: manhajar da za ka rubuta mata magana ta ba ka amsa kamar mutum.

Abu na farko da ya mutu da zuwansu shi ne waccan tsohuwar alama ta gurɓataccen Turanci. Yau yaron da bai gama sakandare ba zai iya fitar da wasiƙar banki mai tsabta cikin minti ɗaya, ya juya ta zuwa Hausa. Murya da fuska ma ana kwaikwaya. A farkon 2024 a Hong Kong, wani ma'aikacin kamfanin Arup ya samu saƙo daga wai shugaban sashen kuɗinsu. Da farko ya yi zargi. Sai aka gayyace shi taron bidiyo, ya ga fuskokin abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta, ya tura wajen dala miliyan 25. Duk fuskokin nan na'ura ce ta haɗa su.

Sunan AI kansa ma ya zama tana. CBEX da ta rufe da kuɗin mutane a Afrilun 2025 cewa ta yi AI ke yi mata kasuwanci, za a ninka maka kuɗinka cikin kwana 30. Hukumar SEC ta ce ba ta da rajista da ita. Mai ninka kuɗin kasuwar ƙauye ne ya dawo, ya canza riga.

To amma wannan kayan aikin yana hannunmu mu ma. Kuma in kun bi tarihin nan, kun ga abin da ke tona damfara kullum shi ne ido na biyu. Manhajar AI ta karanta dubban irin waɗannan saƙonni, ta san ƙirarsu. Ba ta barci, ba ta jin kwaɗayin miliyan ɗin da aka yi maka alkawari, ba ta tsoron a rufe mata BVN, kuma ba za ta yi maka dariya ba. Da yawa kunya ce ke hana su tambaya. Ƙarfe biyun dare, lokacin da ɗanka yana Aliero, ita tana nan cikin wayarka.

YADDA ZA KA TAMBAYE TA

1. Kada ka taɓa link ɗin, kada ka kira lambar da ke cikin saƙon. Danna kan saƙon ka riƙe, ka kwafe rubutun. In imel ne, ka kwafo har da cikakken adireshin wanda ya aiko, domin sunan da ke fitowa a sama kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Za ka iya ɗaukar hoton allo ka tura, amma ka fara goge bayananka.

2. Cire sunanka, lambar asusu, BVN, NIN da duk wata lambar sirri kafin ka tura. Abin da ka rubuta wa manhajar yana zuwa wurin kamfanin da ya yi ta. Ba ta buƙatar waɗannan don ta gane damfara.

3. Ka yi mata tambaya a fili. Ni ga yadda nake rubutawa, da Hausa kuma tana ganewa:

"An turo mini wannan saƙo. Ina Najeriya. Ka duba ko akwai alamun damfara. Wa mai saƙon yake cewa shi ne? Me yake so in yi? Yana tsorata ni ko yana gaggauta ni? Adireshin link ɗin ya dace da hukumar da ya ambata? Ka amsa da Hausa mai sauƙi, kuma ka gaya mini yadda zan tabbatar ba tare da na taɓa link ɗin ba."

4. Ka karanta dalilan da ta bayar, kada ka tsaya a kan "e" ko "a'a" kawai. Dalilan su ne karatun. Bayan sau biyar ko shida za ka ga kai da kanka ka fara ganewa.

5. In kira ne aka yi maka, ka ce za ka kira daga baya, ka kashe. Sannan ka rubuta mata abin da aka ce maka. Ma'aikacin gaskiya ba zai yi fushi don ka ce zai jira ba.

Wurin da na ga ta fi amfani shi ne karanta link. Ga misali da na ƙirƙira: cbn.gov.ng.tallafi-manoma.xyz/cika. Ido zai ga cbn.gov.ng a farko ya natsu. Amma ainihin mai shafin shi ne sunan da ke ƙarshe kafin sandar farko, wato tallafi-manoma.xyz. Shafin gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa, ba farawa ba. Manhajar tana saurin kama irin wannan, da kuma inda aka sa lamba 1 a madadin harafin l, ko sifili a madadin o.

INDA BA ZA KA DOGARA DA ITA BA

A nan ne nake so ku fi natsuwa, don na gwada da kaina. Na taɓa ɗaukar saƙon damfara da na tabbatar na damfara ne, na cire barazanar da ke ciki na bar shi da ladabi, na ba ɗaya daga cikin manhajojin nan. Ta ce mini saƙon ya yi kama da na gaskiya. Saboda haka ga ƙa'idata: in ta ce damfara ce, ka yarda ka tsaya. In ta ce ba ta ga matsala ba, wannan ba izini ba ne, sai ka tabbatar ta wata hanya.

Ba ta ganin cikin asusunka. Mai shago, in an nuna maka alat ko rasit, manhajar bankinka za ka buɗe ka ga kuɗin sun zauna kafin ka miƙa kaya.

Ba ta san muryar ƙaninka ba. In an turo saƙon murya ana neman kuɗi da gaggawa, ka kira tsohuwar lambarsa, ko ka tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani.

Kada ka karɓi lambar wayar banki daga wurinta. Wani lokaci tana haɗa lamba ko adireshi da babu su, kuma ta faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Lambar da ke bayan katinka ko reshen banki, su ne abin dogaro.

Hausarta wani lokaci tana karkacewa. In amsar ta rikice, ka ce ta sake da gajerun jimloli.

Sannan akwai manhajojin bogi masu ɗauke da suna da tambarin ChatGPT. Ka sauke daga Play Store ko App Store kawai, ka duba sunan kamfanin: ChatGPT na OpenAI ne, Gemini na Google ne. Duk AI da ya nemi PIN ɗinka ko ya ce zai ninka maka kuɗi, ɗan damfara ne ke bayansa.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar tambayar kowa. Banki ba ya neman PIN, ko OTP, ko lambobi uku na bayan kati, ko a waya ko a saƙo. Lamba shida ta WhatsApp ba a ba kowa. Ka shiga saitin WhatsApp ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu yau ɗin nan. Ka sa PIN a kan layinka saboda ranar da waya za ta ɓata. Ka je bankinka ka tambayi lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida.

In kuwa an riga an ci ka, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka rufe katin nan take, ka je banki da safe da saƙonnin a wayarka kada ka goge, ka kai rahoto wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na shiyyar Sakkwato. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta ambaci wannan laifi da sunansa. Saurin kai rahoto shi ke sa wani lokaci a tare kuɗin kafin a fitar da su.

Dattijon nan na raka shi banki a ranar. An rufe katin, an karɓi ƙorafi, amma har yau kuɗin ba su dawo ba. Bayan wata biyu ya sake zuwa, wannan karon da jikarsa 'yar aji biyar a sakandare. An turo masa wani saƙon, wai sunansa ya fito a tallafin taki, ya biya Naira 7,500 na rajista kafin ƙarfe shida na yamma. Ya ce, "Ban taɓa komi ba, na ce sai an tambaya."

Na ba yarinyar wayar, na nuna mata yadda za ta kwafe saƙon ta cire sunansa ta tura. Amsa ta fito: an sa wa'adin awanni, ana neman kuɗi kafin a ba da tallafi, asusun da za a biya na mutum ne ba na hukuma ba, link ɗin kuma ba na gwamnati ba ne. Ta karanta masa da ƙarfi. Na ce, "Baba, duk da haka gobe ka biya ta ofishin gona na ƙaramar hukuma ka tambaya." Ya yi dariya ya ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma."

Kowannenmu yana da irin wannan dattijo a gida, ko uwa, ko yaya mai sana'a da ba ta karanta Turanci. Ku zauna da su yau, ku gaya musu duk saƙon da ya zo da maganar kuɗi, ko barazana, ko "kada ka faɗa wa kowa", su ajiye waya su jira sai an tambaya. Ku tura wa 'yan uwa wannan rubutu su ma su amfana. Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya shirya masu wannan sana'a. Amin.